Gwiwar Malami Da Jagorancin Makaranta A Lokacin Tashin Hankali: Darasi Daga Birnin Kano

A duk lokacin da wata masifa ta afka wa gari, abin da hukuma da 'yan jarida suka saba ƙirgawa shi ne rayukan da aka rasa, da gine-ginen da suka lalace, da yawan kwanakin da makarantu suka yi a rufe. Ko shakka babu wannan ƙidaya tana da muhimmanci. Sai dai akwai wata asara da ba ta cika shiga rahoton kowane kwamiti ba, wato halin da zuciyar malamin makaranta take ciki ranar da aka sake buɗe ƙofa aka ce ya koma aji. Yara za su dawo, a kaɗa ƙararrawa, a yi layi a filin makaranta, mai wucewa ya ɗauka komai ya daidaita, alhali kuwa mutumin da ke riƙe da alli gangar jikinsa ce kawai ta dawo.

Birnin Kano ya ga irin wannan rana fiye da sau ɗaya tsakanin 2012 da 2021, daga shekarun bama-bamai zuwa fargabar cutar Ebola, zuwa kullen Korona, zuwa lokacin da satar ɗalibai ta sa aka rufe makarantun kwana. Abin da nake son mu duba a wannan shafi shi ne rawar da shugaban makaranta yake takawa a irin wannan yanayi, hedimasta ne a firamare ko firinsifal a sakandare. Ba shi ke biyan albashi ba, ba ya da jami'in tsaro ko guda a ƙarƙashinsa, kuma ba a shawara da shi kafin a rufe makaranta ko a buɗe ta. Duk da haka, a fahimtata, shi ne mutumin da ya fi kowa iko a kan ko malami zai dawo aji da zuciyarsa ko kuwa zai dawo don sa hannu a rajista kawai. Mu kuma mun daɗe muna naɗa mutane a wannan kujera ba tare da mun shirya su don irin wannan rana ba.

Abin da harshe ya riga ya faɗa

Da yake nazarin harshe ne fagena, bari in fara da yadda Bahaushe yake kiran abin da muke magana a kai. Idan zai bayyana himmar mutum da kuzarinsa a kan aiki, gwiwa yake ambata. Ya ce wane yana da ƙwarin gwiwa, ko ya ce gwiwarsa ta yi sanyi. Hikimar a fili take, domin gwiwa ce ke ɗaga mutum daga zaune, ita ce kuma ke fara saki idan tsoro ya kama shi. Abin lura shi ne yawancin kalmomin aikatau da ke tafiya da gwiwa suna buƙatar mutum biyu, mai yi da wanda aka yi wa. Wani ne yake ƙarfafa wa wani gwiwa, wani ne yake karya masa ita, ko ya kashe masa, ko ya sanyaya masa. Ke nan tun daga ginin jimla Bahaushe ya yarda cewa himmar ma'aikaci abu ne da na kusa da shi suke iya ginawa ko su rushe.

Haka kuma kalmar jagora, wadda asalinta ja da gora ne, wato mai jan sandar da makaho yake riƙe da ita. Jagora yana gaba, shi ke fara ganin rami, kuma amanar wanda ke bayansa tana wuyansa. Ita ma kalmar shugaba masana da dama suna ganin daga shiga gaba ta samo asali. Idan muka riƙe waɗannan ma'anoni biyu, za mu fi gane abin da malami yake nema a wurin hedimastansa ranar da gari ya rikice.

Shekarun fargaba

Makarantun cikin ganuwa suna da tarihin da ya wuce a yi musu kallon gine-gine kawai. A Shahuci Malam Aminu Kano ya yi karatun elemantare kafin ya wuce Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Janar Murtala Muhammad ya bi ta makarantar Gidan Makama. Makarantar Koyon Larabci, wadda aka fi sani da SAS, tun 1934 aka kafa ta a matsayin makarantar koyon shari'a a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Waɗannan da ire-irensu a ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale su ne suka tsinci kansu a tsakiyar abin da ya fara ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012.

A yammacin wannan rana 'yan Boko Haram suka kai hare-hare a wurare da dama a lokaci guda, ciki har da hedikwatar shiyya ta ɗaya ta 'yan sanda da ke titin BUK daura da ganuwa, da hedikwatar 'yan sandan jiha a Bompai. Hukumomi sun ce aƙalla mutum 185 ne suka rasu. Aka sa dokar hana fita, sannan shingayen bincike suka cika gari. Duk wanda ya zauna a Kano a lokacin zai tuna yadda mai babur yake sauka ya tura abin hawansa har sai ya wuce shinge. Malamin da ke fitowa daga Kurna ko Ɗorayi ko Sheka zuwa makarantarsa a cikin gari, tafiyar da ya saba yi a rabin sa'a sai ta koma ba ta da ƙayyadadden lokaci.

Ranar 19 ga Janairu, 2013 aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kuma bayan 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur. Wannan doka ta taɓa malamai ta fuska biyu. Lungunan cikin gari babur ne ya fi iya ratsa su, sannan malamai da yawa da acaɓar yamma suke cike giɓin albashi. A watan Maris na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Ɗan Maliki suka harbi malamai suka jikkata su. Daga nan duk wani malami a Kano ya gane cewa allo da alli ba su zama kariya ba.

Shekarar 2014 ta fi tsanani ga makarantu. Bam ya tashi a Makarantar Koyon Tsafta ranar 23 ga Yuni, wani ya tashi a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano ranar 30 ga Yuli a inda ɗalibai suka taru suna duba sunayensu na hidimar ƙasa, sannan ranar 17 ga Satumba aka afka wa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Ƙofar Kabuga, wato gidan da ake horar da malaman kansu. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin gari da ke jikin Gidan Rumfa, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu. Da wuya a sami makaranta a cikin ganuwa da ba ta da malami ko ɗalibi da ya rasa wani nasa a wannan rana. Kuma duk da haka, abin da Kano ta gani bai kai na Arewa maso Gabas ba, inda Asusun UNICEF ya bayyana a 2017 cewa an kashe malamai fiye da 2,295 tun daga 2009, wasu 19,000 kuma suka bar muhallansu.

Albashi ɗaya, gari ɗaya, hali daban

Mu da ke koyarwa a jami'a muna yawan haɗuwa da malaman firamare da sakandare da ke zuwa ƙaro karatu, kuma a cikin hira da su ne na fara lura da wani abu. Malamai biyu, matakin albashinsu ɗaya, hukumar da ke kula da su ɗaya, fargabar da suka shiga ɗaya, amma idan suna ba da labarin waɗancan shekaru sai ka ji kamar a garuruwa biyu suka zauna. Da ka bi diddigi sai ka tarar bambancin yana ofishin shugaban makaranta.

Wata malama da ke koyarwa a wata firamare a cikin gari ta ba ni labarin makon da ya biyo bayan harin masallaci. Hedimastansu ya riga kowa zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da malamai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar gida. Kafin a shiga aji ya tara su, ya faɗa musu abin da ya sani da abin da bai samu bayani a kai ba, ya tambayi wa ya yi rashi, wa ke da majinyaci a Asibitin Murtala. Ya raba darussan waɗanda aka yi wa rasuwa a tsakanin sauran, shi ma ya ɗauki aji guda. Ya dakatar da taron safe a fili na 'yan makonni don kada yara su cunkushe a wuri ɗaya, bayan an tashi kuma ya jagoranci malamai zuwa gidajen gaisuwa. Ta ce tsoro bai bar ta ba, amma ta ji kunyar ta zauna a gida ta bar wannan mutumi shi kaɗai.

Wani malami kuma daga wata makarantar, a cikin garin dai, abin da ya fi tsaya masa a rai daga 2012 shi ne jan layi. Al'ada ce a makarantunmu idan lokacin zuwa ya cika shugaba ya ja layi da jan biro a littafin sa hannu, duk wanda ya zo bayan nan makararre ne. Shugabansu bai sassauta wannan ko da minti ɗaya ba a makonnin da ake tura babur a shingaye, har ya bi waɗanda suka makara da takardar tuhuma. Da suka yi ƙorafi sai ya ce haka aka ce daga sama. Malamin ya ce daga ranar ya daina makara, ya kuma daina duk wani abu da ya wuce abin da doka ta wajabta masa. Darasin ƙari da yake yi wa 'yan ajin ƙarshe kyauta ya ajiye shi, bayan shekara guda kuma ya nemi canjin wurin aiki.

A takarda, makaranta ta biyu ta fi ta farko bin ƙa'ida, kuma mai duba makarantu da zai zo ya buɗe littafin sa hannu zai yaba mata. Asarar da ta yi sai bayan shekaru take bayyana, a sakamakon jarrabawa da kuma ficewar malaman kirki ɗaya bayan ɗaya.

Tsakanin "an ce" da "mu yi"

A nan ma harshe yana da abin cewa. Hausa tana da wani ɗan lafazi da ake fakewa da shi idan ba a son ambaton wanda ya yi aiki, shi ne "an" da 'yan uwansa "a" da "za a". An ce a zo gobe. An hana. Za a duba. Lafazi ne mai amfani, har ma yakan zama ladabi a gaban manya. Amma a bakin shugaba ranar tashin hankali yakan zama mafaka, domin yana fitar da mai magana daga cikin maganar. Malamin da ya ji "an ce ku zo" ya san cewa idan wani abu ya faru babu wanda zai riƙe. Wanda kuma ya ji "gobe za mu zo, ni zan buɗe ƙofa da kaina" ya san akwai wanda ya sa kansa a ciki. Umarnin bai canza ba, wanda ya ɗauki nauyinsa ne ya fito fili.

Wannan ya kai mu ga abu na farko da ke hannun shugaban makaranta, wato bayani. A lokacin rikici jita-jita ta fi komai saurin yaɗuwa, kuma ɗakin malamai kasuwarta ce. Shugaban da ya kulle kansa a ofis yana jiran takarda daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko daga ofishin shiyya, ya bar malamansa a hannun ji-ta-ji-ta. Ba a buƙatar ya san komai. Ya isa ya fito ya ce ga abin da ya tabbata, ga abin da yake kan bincikawa, ga lokacin da zai sake yi musu bayani, sannan ya cika alƙawarin.

Abu na biyu shi ne adalci wajen rabon wahala. Rikici yana zuwa da ƙarin aiki, kamar tsayuwa a ƙofa don binciken jakunkuna, da riƙe ajin wanda bai samu zuwa ba, da raka yara har su watse. Malamai suna iya jure nauyi mai yawa matuƙar sun ga an raba shi daidai. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne su ga 'yan gaban goshi suna zaune a inuwa, ko su ga shugaban da kansa ya fi kowa saurin barin harabar makaranta.

Abu na uku shi ne tsayawa tsakanin malami da na sama, da kuma tsakaninsa da fushin iyaye. Hausawa na cewa babba juji ne. Idan umarni ya zo wanda bai dace da halin da ake ciki ba, aikin shugaba ne ya koma ya yi bayani, ko da za a ga baƙinsa. Idan kuma ya zama bututu kawai, duk abin da aka zubo daga sama ya wuce kan malamai yadda yake, to kujerarsa ba ta ƙara komai ba.

Ebola da Korona

Cutar Ebola ta shigo Nijeriya ta Legas a watan Yulin 2014, kuma ba ta iso Kano ba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke ƙasar ranar 20 ga Oktoba. Amma ruɗanin da ta jawo wa makarantu ya iso. Ministan Ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi kansa tsohon firinsifal ne na Kwalejin Rumfa, ya sanar da ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta ce 'ya'yanta ba za su koma ba sai an tanadi kayan kariya da horo. Shugaban makaranta ya tsinci kansa a gaba kura baya sayaki, ga umarnin gwamnati ga na ƙungiya, kuma shi ne zai kalli idon malamai ya faɗa musu wanne za a bi.

Korona ta zo da wani salo. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka sa Kano a kulle tun tsakiyar Afrilu, kullen ya haɗe da azumin Ramadan. A cikin waɗannan makonni aka yi ta mace-macen da suka girgiza gari, musamman na dattawa, har da manyan malaman jami'a irin su Farfesa Ibrahim Ayagi. Daga baya Ministan Lafiya Dokta Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da cutar. Makarantu ba su koma gaba ɗaya ba sai a watan Oktoba.

Wata shida da ɗoriya malami yana gida. Na gwamnati yana samun albashi, amma malaman makarantu masu zaman kansu da dama sun yi watanni ba su ga ko kwabo ba, tunda iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba. A nan an ga shugabanni iri biyu. Akwai waɗanda suka kashe waya har sai da aka sanar da ranar komawa, sannan suka aika saƙon cewa kowa ya hallara. Akwai kuma waɗanda suka riƙa kiran malamansu suna jin lafiyarsu, suka buɗe musu littafin kuɗin makaranta suka ce ga abin da ya rage, suka raba ɗan abin da ya samu, ko da mudun gero ne da sukari na buɗa-baki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana. Ba abin mamaki ba ne da aka buɗe makarantu wasu suka tarar malamansu sun kama wata sana'ar ba su da niyyar dawowa.

Da aka koma, ƙa'idojin da aka gindaya sun haɗa da ba da tazara da wanke hannu, a garin da ake samun aji mai yara fiye da ɗari da makarantun da ba su da famfo. Shugaban da ya tilasta wa malamai su yi wasan kwaikwayo ranar da masu duba makarantu za su zo, a jera bokitai a kwashe bayan sun tafi, ya koya musu cewa rayuwarsu ba ta kai darajar rahoto ba. Wanda ya zauna da su suka tsara karatun safe da na rana, ya kuma rubuta wa hukuma gaskiyar abin da ba zai yiwu ba, ya riƙe amanarsu. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga satar ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, abin da ya sa gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 da ke wajen gari.

Abin da bincike ya nuna

Wannan magana ba ta tsaya ga hirar malamai ba. A 2004 Kenneth Leithwood da abokan aikinsa daga jami'o'in Toronto da Minnesota sun tattara binciken da aka yi a kan shugabancin makarantu, suka kammala da cewa a cikin abubuwan da ke cikin makaranta, bayan koyarwar aji babu abin da ya kai shugabanci tasiri a kan karatun yara, kuma tasirin ya fi fitowa a makarantun da ke cikin mawuyacin hali. Sun kuma nuna cewa galibin tasirin ta hanyar malamai yake bi, wato ta himmarsu da yanayin aikinsu. Kafin nan, a 2002, Anthony Bryk da Barbara Schneider sun wallafa sakamakon binciken shekaru da suka yi a makarantun firamare na birnin Shikago a Amurka, inda suka gano cewa makarantun da yarda ta yi ƙarfi tsakanin shugaba da malamai da iyaye sun fi sauran samun ci gaba. A nan gida ma, shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, ya sa horar da hedimastoci da kafa kwamitocin al'umma na kula da makarantu a sahun gaba na aikinsa.

Darasin da ya fi muhimmanci a nan shi ne yarda ba ranar rikici ake ƙulla ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hedimastan da malamai suka bi shi bayan harin masallaci ya daɗe yana tara wannan jari, ta hanyar zuwa sunan ɗan wannan, da rufa wa wancan asiri, da faɗin gaskiya a kan kuɗin makaranta.

A yi wa shugabanni adalci

Mai karatu zai iya cewa, Malam, yunwa ba ta jin lallashi, a gyara albashi kawai. Wannan magana tana da ƙarfi. Sai da malamai suka yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya a 2008 kafin gwamnoni su amince da ƙarin kashi 27.5 cikin 100, kuma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta cinye duk wani ƙari da aka taɓa yi kafin nan. Kyakkyawar mu'amala ba za ta biya kuɗin haya ba. Amma misalan da na kawo na malamai ne masu albashi iri ɗaya, don haka bambancin da aka gani a tsakaninsu daga wani wuri ya zo. Gyaran albashi yana jiran kasafin kuɗi, shi kuwa gyaran shugabanci ana iya fara shi a zangon karatu mai zuwa.

Sannan dole a faɗi cewa shugaban makarantar gwamnati an ɗora masa nauyi ba a sakar masa mara ba. Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke canza masa wuri ba, kuma idan ya tsawata wa wanda ke da uwa a gindin murhu, shi ne zai iya wayar gari da takardar canji zuwa ƙauye. Tun da aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Kano a watan Satumban 2019 aka hana karɓar kuɗi daga ɗalibai, shugabanni da dama sun koka cewa abin da ke zuwa don gudanar da makaranta ba ya isa. Shi ma mutum ne mai iyali da tsoro. A harin da aka kai makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2025, mataimakin shugaban makarantar ne aka kashe kafin a tafi da ɗalibai fiye da 20. Wanda ake so ya ƙarfafa gwiwar wasu, shi ma yana buƙatar mai ƙarfafa tasa.

Abin da ya kamata a yi

Ranar 8 ga Yuni, 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, bayan ware kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin shekarar ga wannan fanni. A matakin ƙasa kuma Nijeriya ta rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, ta kuma fitar da manufar tsaron makarantu a 2021. Galibin hankali a irin waɗannan shirye-shirye yana tafiya ne ga gini da kujeru da katanga, waɗanda duk ana buƙatarsu. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar SUBEB da hukumar kula da makarantun sakandare su ba mutumin da ke riƙe da mabuɗin ginin irin wannan kulawa.

Da farko, a raba naɗin shugaban makaranta da siyasa da kuma daɗewa a aiki kaɗai. A sa ma'auni bayyananne, a kuma ji ta bakin malaman da suka yi aiki da mutum kafin a ba shi makaranta. Na biyu, kada a miƙa wa kowa mabuɗi sai ya sami horo, kuma horon ya ƙunshi yadda ake tafiyar da mutane a lokacin firgici, da yadda ake isar da mummunan labari, da yadda ake gane malamin da damuwa ta yi masa yawa. Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero suna da ƙwararrun da za su iya wannan aiki.

Na uku, kowace makaranta ta mallaki rubutaccen tsari na ranar gaggawa, wanda aka tsara tare da malamai da kwamitin iyaye da mai unguwa, a san wa zai kira wa, ta wace ƙofa yara za su fita, wane asibiti ya fi kusa. Cikin gari yana da gata a nan, domin mai unguwa da limami da dattawan lungu sun san kowane gida, kuma sau da yawa malamin ɗan unguwar ne. Na huɗu, a ba shugaba iko a rubuce na sauya lokacin shiga da tashi, ko sallamar yara na yini ɗaya ko biyu idan ya ga alamar haɗari, ba tare da fargabar takardar tuhuma ba, tare da ɗan asusun gaggawa da kwamitin makaranta zai sa ido a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyar, masu duba makarantu su daina tsayawa ga littattafan ofis, su riƙa keɓewa da malamai suna tambayar yadda ake tafiyar da su, su kuma duba malamai nawa suka nemi barin makarantar a shekara.

Ga 'yan uwana shugabannin makarantu kuwa, akwai abin da ba ya jiran amincewar kowa. Ku riƙa fitowa daga ofis. Ku faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi, ku ɗauki rabonku na wahala a gaban idon kowa, ku rage "an ce" ku yawaita "mu yi". Malaman da ke ƙarƙashinku suna riƙe da ƙarshen gorar da kuke ja, kuma a bayan kowane ɗayansu akwai yara masu yawa da iyayensu suka turo da safe bisa amana. Babu wanda ya san da wace siffa jarrabawa ta gaba za ta zo wa wannan gari, don haka yanzu da ake zaune lafiya ne lokacin shiri.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a waɗancan shekaru, Ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya, Ya kuma saka wa malamanmu da alheri.